Dodon da Majigi Ya Kawo Ƙauyenmu

A shekarun da aka fara sako ruwan Tiga cikin kanal, ni gyaran keke nake yi a bakin kasuwar Kura, a gindin wata darbejiya. Ƙauyenmu yana kan hanyar Bunkure. Can nake kwana, da safe in hau keke in taho rumfa. Idan sarƙa ko taya ko roban faci suka ƙare mini, sai in shiga mota in tafi birni saro. A can na koyi shiga silima, abin da Innarmu ta ɗauka da shi da shan giya duk ɗaya ne. Ba ta taɓa ganin ƙofar silima ba, amma ta san duk wanda ya shiga ɗan iska ne, kuma ba ta fasa faɗa mini.

Na kalli na Indiya, na kalli na kaboyi, duk ina fitowa da daɗin rai. Waɗanda suke ƙona mini rai su ne na dodanni, kuma su ne ban iya wucewa ba. Hoton tallan da ake mannawa a bango shi yake jan mutum. Za ka ga wata halitta ta fi masallacin Juma'a tsawo, haƙora zaƙo-zaƙo, ta riƙe jirgin ruwa a hannu ɗaya. Sai ka shiga ka zauna a kan benci, ka ga Turawa uku a ɗaki suna ta surutu suna nuna taswira. Su yi surutu a ɗaki, su yi a mota, su dawo ɗakin su ci gaba. Can sai kiɗa ya yi ƙarfi, ruwa ya motsa, mace ta ƙwalla ƙara, shi ke nan an koma ɗaki. Idan gyangyaɗi ya fara ɗaukarka, sannan za a fito da dodon, ka ga ƙato ne kawai aka zura wa rigar roba. Jirgin da zai kifar kuwa, ko makaho ya shafa ya san na wasan yara ne a cikin daro. Wani lokaci a nuna maka hoton fitowarsa daga ruwa, a sake nuna maka shi ɗin dai sau da yawa, kamar ba ka da idanu.

Rashin kuɗi ne, ban musa ba. Wanda bai da abin sayen roba mai kyau ba zai ƙera abin tsoro ba. Amma na lura akwai wani abu bayan wannan. Kakarmu idan tana ba mu tatsuniyar dodo ba ta taɓa gaya mana yawan haƙoransa ba. Murya kawai take kumburawa, mu kuma kowa ya ƙera nasa a ciki, daidai da tsoronsa, mu kasa fita fitsari. Su masu fim sun riga sun karɓi kuɗinka a kan za su nuna maka shi, dole su nuna. Da zarar ka gan shi kuma ka san girmansa, ka san inda ya fara da inda ya ƙare, sai ka ji kunyar tsoron da ka ji. A birni abin dariya ne, mu yi tsaki mu fito mu sayi tsire. Ban taɓa zaton irin wannan shirme zai iya yi wa wani rauni ba sai da ya zo har gida.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne riƙe da gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Manomi ne na gaske. Da aka zo aka yanka gonaki aka ja kanal, yana cikin waɗanda suka fara kama noman rani hannu bibbiyu, tumatir da albasa da ɗan alkama. Ban-ruwan ma sabon salo ne a wurinmu. Ba jigo ba ne irin na fadama. Wani lanƙwasasshen bututu ne muke ce masa tiyo, ka nutsa shi a ƙaramar kanal ya cika, ka toshe bakinsa da tafin hannu, ka ɗago shi da sauri ka kwantar a ƙetaren gaɓa, ruwa ya yi ta zuba da kansa tsakanin kunyoyi. Yaya yana yi kamar wasa. Ni kuwa sai in yi ta fama, iska ta shiga, ruwa ya tsaya, in jiƙe har wuya yana mini dariya.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne halin babbar kanal. Mu mutanen kududdufi ne da rafi. Ruwan da muka sani yana da baki mai laka, ka taka a hankali, ya kai maka idon sawu, ya kai gwiwa, idan ka ji ya yi yawa ka juyo. Yaranmu a haka suka tashi. Babbar kanal kuwa gefenta siminti ne a gangare, gansakuka ta lulluɓe shi, ya fi miyar kuɓewa santsi. Daga sama za ka ga ruwan shiru, kamar ba ya tafiya, a ƙasa kuwa gudu yake. Ba mai shiga a hankali. Ƙafa ɗaya ta zame, babu abin kamawa. Babu wanda ya zaunar da mu ya yi mana wannan bayani, mu ma ba mu tambaya ba, don a ganinmu ruwa dai ruwa ne.

'Yar Yaya ta fari ba ta wuce shekara bakwai ba. Ita take kai masa abinci gona da hantsi, da kwano a ka, tana tafe tana hira da kanta. Idan ta ga na dawo daga Kura sai ta tare ni a ƙofar gida, dole in ɗora ta a kan keke mu zaga dabinon ƙofar gida kafin in shiga. Rannan ta kai abinci ba ta dawo ba. Aka tsinci kwanon a bakin babbar kanal. Sai washegari da yamma aka same ta, can nesa, inda ƙarafan ƙofar ruwa suke tare shara. Ni na je na ɗauko ta tare da wasu mutum biyu. Har yau ban son tuna nauyinta, don ba ta da nauyi ko kaɗan.

Matan da suka yi mata wanka suka ga kujewa a ƙwaurinta da tafin hannunta, dogaye, a jere. Kafin a kai ta makwanci magana ta zaga gari cewa shatin farce ne. Tsofaffi suka ce ai dole, an tare wa dodon ruwa kogi a Tiga, an raba shi da gidansa, yanzu yawo yake cikin kanal yana neman wurin zama, duk wanda ya samu a baki sai ya ja. Ni na san siminti ne ya kuje ta tana neman abin kamawa. Na buɗe baki zan faɗa a wurin zaman makoki, Inna ta harare ni, na yi shiru.

Da yake 'yar fari ce, Yaya bai taɓa kama sunanta ba tun tana raye, balle ya yi mata kuka a gaban mutane. Ya zauna a kan tabarma, ana yi masa gaisuwa yana cewa haƙuri ya zama dole. Kowa ya yaba da dauriyarsa. Maƙwabtan gona suka riƙe masa ban-ruwa har aka yi sadakar bakwai, daga nan kowa ya koma kan nasa, don su ma ba hutu gare su ba. Aka zuba ido Yaya ya fita gona, bai fita ba.

Ruwa kuwa da ranarsa ake sako wa kowane ɓangare. Idan ranarku ta wuce ba ka ɗiba ba, sai wani zagayen. Tumatirin ya fara fure, lokacin da bai jure ƙishi ko kaɗan, kuma shi ne abincin gidanmu na shekarar, don damina ba ta yi mana kyau ba. Na riƙa rufe rumfa ina zuwa ina fama da tiyo, rabin gonar ya sha rabi ya kwana da ƙishi. Ganye ya fara nannaɗewa, fure yana zuba. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta karɓo rubutu wurin malam. Yaya ya sha rubutun, ya ce ya gode, ya koma zaure ya zauna.

Rannan na dawo a jiƙe, raina a ɓace, na same shi a zaure na ce, “Yaya, tsoron me kake ji? Gonarka ma ba a bakin babbar kanal take ba, sai ka taka ka je.”

Ya ce, “Ba tsoro ba ne.”

Na ce, “To mene ne?”

Can ya ce, “So nake in san kamarsa. Abu ya ɗauke maka ɗa, ko fuskarsa ba ka sani ba. Idan na tsaya a bakin ruwan nan sai in ga kamar yana kallona, ni ban ganinsa.”

Ashe ya riga ya bi masunta yana tambaya. Wani ya ce masa kamar kada yake amma da gashi, wani ya ce mace ce mai dogon gashi, wani ya ce shi dai kakansa ne ya gani. Babu wanda ya gani da idonsa. Na tashi na shiga gida.

Ana cikin haka, ranar kasuwa, wani mutum ya shigo ƙauyenmu da tsohuwar a-kori-kura, an ɗaura mata lasifika a ka. Ya zaga unguwanni yana shela cewa yau bayan magariba za a nuna majigi a filin makaranta, dodon ruwa, ido da ido, yadda Turawa suka ɗauko hotonsa a cikin kogi. Mai raunin zuciya kada ya zo. Ya kafa zana ya kewaye filin, ya jingine hoton talla a jikin mota. Kallo ɗaya na yi wa hoton na san kwanan zancen. Irin finafinan nan ne da silimun birni suka gaji da su, ya samo gajiyayyen faifai yana yawo da shi ƙauyuka.

Mu a ƙauye majigin gwamnati kaɗai muka sani, wanda ake kawowa kyauta. Shi ne ya nuna mana yadda ake zuba takin zamani, da yadda ake feshin auduga, da lambar rigakafin agana. Duk abin da ya nuna mun gwada mun ga haka yake. Saboda haka a wurin mutum irin Yaya, wanda bai taɓa taka silima ba, majigi ba ya ƙarya. Abin da ya bayyana a farin ƙyallen nan, to akwai shi a duniya, an je an ɗauko ne.

Da la'asar sai ga Yaya ya fito daga ɗaki ya yi wanka ya sa riga mai kyau, abin da rabonsa da yi tun rasuwar. Ya ce mini, “Kai da kake zuwa birni, za ka raka ni.”

Na ce, “Yaya, wallahi wasa ne. Mutum ne ake sa wa riga.”

Ya ce, “Majigi ne fa.”

Na ce, “Ba irin na gwamnati ba ne. Wannan tatsuniya ce, don a karɓi kuɗin mutane.”

Ya dube ni ya ce, “Kai dai komai sai ka raina. Ka taɓa ganin wannan ɗin?”

Ban taɓa ganin wannan ɗin ba, kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Inna ma ta ja ni gefe ta ce in bar shi ya je, ko ba komai ya fita daga zaure. Ita da take tsine wa silima, ranar ita ta ce in kama hannun yayana in kai shi.

Muka zauna a kan tabarma kusa da gaba. Filin ya cika, maza da samari da yara, janareta na ta ƙugi a bayan mota. Ni da na saba zuwa kallo da shirin yin tsaki, ranar na sami kaina ina roƙon Allah Ya sa wannan fim ya yi kyau. Ina so dodon ya fito da ban tsoro, filin nan ya yi tsit, yara su ɓuya bayan manya, Yaya ya sami abin da zai kalla ya tsana. Na san ƙarya ce, amma na so ƙaryar ta tsaya da ƙafarta ko na dare ɗaya.

Aka fara, Turawa suka shiga ɗaki suka fara surutu. Mai majigin yana riƙe da lasifika yana fassara yadda ya ga dama, don shi ma ba jin Turancin yake ba. Faifan ya tsinke, aka kunna fitila aka liƙe, yara suka yi ta ihu. Yaya bai motsa ba. Ya miƙe wuya, hannayensa a kan gwiwa, duk sanda aka nuna ruwa sai in ji numfashinsa ya canza. Aka nuna kumfa na tasowa, aka nuna wani hannu mai ɓawo ya kama gefen jirgi. A nan kam filin ya yi shiru, har na fara sa rai. Da masu fim ɗin sun tsaya a hannun nan da sun gama mana komai.

Ba su tsaya ba. Suka fito da dodon gaba ɗaya, da rana tsaka, yana tahowa daga ruwa zuwa gaɓa. Kan ya yi wa jikin girma, yana rawa a wuya kamar ƙwarya a kan sanda. Bakin a buɗe yake, ba ya rufuwa, idanun ba sa kiftawa. Robar ta tattare a gwiwa da hammata, ana ganin ɗinki ya bi gadon baya. Da ya zo hawa gaɓa sai ƙafarsa ta zame, ya dafa ƙasa da hannu, ya kama reshe, ya hau a hankali yana duba inda zai taka, yadda kowane ɗan Adam yake yi.

Wani daga baya ya ce da ƙarfi, “Kai jama'a, dodon ma tsoron santsi yake.”

Filin ya ɗauki dariya. Daga nan ba a sake samun kan mutane ba. Dodon ya ɗauki wata Baturiya yana tafe yana nishi, ita kuma ta saƙalo wuyansa don kada ya yar da ita, wani ya ce ai amaryarsa ce. Yara suka tashi suna kwaikwayon tafiyarsa. Ban ga laifinsu ba, abin dariya ne, a birni da ni zan fi kowa. Amma na so ƙasa ta tsage. Akwai mutane a filin nan da suka zauna makoki a zaurenmu, su suka ce shatin farce ne, ga su suna riƙe ciki.

Na saci kallon Yaya. Hasken ƙyallen yana kan fuskarsa. Bai yi dariya ba, bai ɓata rai ba, wuyan da ya miƙe ne kawai ya sauke. Ya zauna har aka harbe dodon, aka ceto Baturiyar ko ƙwarzane babu. Da aka kunna fitila ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Muka taho gida.

Washegari ranar ruwanmu ce. Bayan sallar asuba ina shirin fita, sai na gan shi a tsakar gida ya ɗaure tiyo a kafaɗa. Inna tana bakin murhu, ta ɗaga kai ta gan shi, ta yi hamdala a hankali. Ya ce mini, “Taho.”

Muka isa gona rana ta fara ɗagawa. Ya sauke tiyo a bakin ƙaramar kanal, amma bai fara ba. Ya wuce har bakin babbar, na bi shi. Ya tsuguna, ya miƙa hannu ya shafa simintin inda ruwa yake lasa, ya ɗago yatsunsa da gansakuka, ya murza ta yana kallo.

Ya ce, “Babu shi, ko?”

Na ce, “Wancan dai na majigi babu shi, Yaya. Na ruwa kuwa Allah ne masani.”

Ya ce, “Kada ka lallashe ni. Kai ka san babu shi tun ranar.”

Ya goge hannunsa a wando. Ya ce, “Da na gama cin abincin, ta ɗauki kwanon za ta kai gida a wanke. Ni na ce mata ga ruwa nan birjik, ta ɗauraye kafin ta tafi. Ƙaramar kanal ba a sako mata ruwa sosai ba tukuna, na nuna mata babbar. Na ji ƙarar kwano a kan siminti. Na ce a raina yarinyar nan ta sake yar da kwano. Ina jera tiyo, ban waiwaya ba.”

Bai yi kuka ba, ni ne na yi. Na ce masa ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare, duk maganganun da ake faɗa na faɗa. Ya ce, “Na sani.” Ya tashi ya koma bakin gona, ya nutsa tiyo ya toshe ya ɗago, ruwa ya kama zuba.

Fiye da rabin tumatirin ya tsira, muka ci shekarar. Mutane suka riƙa yi wa Inna barka, suna cewa majigi ya cire wa ɗanta tsoro, har ita ma ta ɗan sassauta wa silima. Ban gyara musu zance ba, don abin da ya faɗa mini a bakin kanal bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Ni dai ban sake biyan kuɗi na kalli fim ɗin dodo ba. Har yau ina jin haushin mutanen da suka ɗinka rigar nan, ina cewa da sun ƙara ko ɗan ƙoƙari, ko kuma su bar dodon a cikin ruwa.

Yaya ya yi shekaru masu yawa yana noman rani bayan haka, kuma duk yankin an san shi da iya ban-ruwa. Sai dai aikin da yake gamawa kafin hantsi ya koma kai shi azahar. Idan ya kwantar da tiyo ɗaya sai ya miƙe ya waiwaya ya dubi bakin babbar kanal, sannan ya sunkuya ya ɗauki na gaba, ko da kuwa babu kowa a wurin.